GYARA KAYANKA: Yaya Baturen fim ɗin Yaƙin Haɗeja zai faɗi 1906?

Duk mai kallon finafinan Hausa ya san irin wannan fitowar. An shiga kotu, lauya ya sha baƙar riga da farar hular gashi, ya gyara zaman tabarau, ya ɗaga takardar filin da ake rigima a kansa. Da Hausa yake ta zuba bayani tiryan-tiryan, har 'yan kallo sun fara gyaɗa kai. Can sai Turanci ya motsa masa, don a san an je makaranta, ya dubi mai shari'a ya ce an sayi filin nan tun "one thousand nine hundred and eighty-four". Wani lauyan kuma karanto ta zai yi kamar mai ba da lambar waya: "one, nine, eight, four". Darakta bai ce a sake ba, edita bai yanke ba, haka fim zai fita.

Ba wanda za a ɗaure don ya faɗi shekara ba daidai ba, wannan gaskiya ne. Amma lauyan da ya yi shekara biyar a jami'a, ya ƙara da makarantar horas da lauyoyi, ba haka yake faɗin shekara ba. Duk ɗan kallon da ya san hakan, daga wannan minti ya daina ganin lauya, ɗan wasa kawai yake gani cikin rigar aro. A zamanin kaset, lokacin da fim ke tashi daga Bata da Ƙofar Wambai ya ƙare a shagon haya na unguwa, ana iya cewa abin na cikin gida ne. Yanzu fa? Fim yana hawa YouTube, yana fita a Arewa24 da Africa Magic Hausa, mutumin Legas yana gani, na Landan yana gani, yaran TikTok kuma ba su da aiki sai yanko inda jarumi ya yi ɓaranɓarama su ɗora. Ga shi tun 2016 da Kabiru Musa Jammaje ya fitar da There Is a Way, wanda aka yi da Turanci daga farko har ƙarshe, uzurin nan na "ai Hausa muke yi" ya soma rauni.

Tushen matsalar ba rashin karatu ba ne. Bahaushe ƙirga shekara yake yi tun daga dubu har ya sauko kan ɗaya: alif ɗari tara da tamanin da huɗu. Masu karanta labarai a rediyo ma har ƙari suke yi, su ce "alif dubu ɗaya da ɗari tara", alhali alif ɗin nan ita ce dubu da Larabci, wato an faɗi dubu sau biyu ke nan, kuma ba wanda ya taɓa kai ƙara. To da wannan ƙirgen a kansa ɗan wasa ke shiga Turanci, sai ya fassara shi kalma bayan kalma. Shi kuwa Bature ba ya ƙirga shekara, gida biyu yake raba ta. Lamba biyun farko ya faɗe su a haɗe, biyun ƙarshe ya faɗe su a haɗe, shi ke nan. Ba "thousand", ba "and". 1984 ta zama 19 da 84, wato "nineteen eighty-four". Shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, 1991, "nineteen ninety-one". Shekarar da Sarkin Haɗeja Buhari ya rasu, 1863, "eighteen sixty-three". Ko an koma can baya zuwa hawan Muhammadu Rumfa a Kano, 1463, dokar ba ta canzawa: "fourteen sixty-three".

Abin mamaki, masu kallon Indiya sun daɗe da sanin wannan ba tare da sun lura ba. Fim ɗin nan na Anil Kapoor da Manisha Koirala da ya fito a 1994, 1942: A Love Story, ai ba wanda ya taɓa zuwa shagon haya ya tsaya ƙirga dubu ɗaya da ɗari tara kafin a miƙo masa kaset. "Nineteen forty-two" kowa ke cewa.

Inda gizo ke saƙar shi ne idan sifiri ya shigo tsakiya. Kuma duk wanda ya ɗauki tarihin ƙasar Hausa zai yi fim a kansa, kamar da gangan, manyan shekarun duk masu sifiri ne. Jihadi 1804. Hawan Sambo sarautar Haɗeja 1808. Faɗuwar Kano da Sakkwato da yaƙin Burmi duk 1903. Satiru 1906. Sai kuma uwa-uba ga Haɗejawa, ranar 25 ga Afrilu, 1906.

Labarin wannan rana ba ƙaramin fim ba ne ga furodusan da ke da zuciya da aljihu. Shekara uku bayan Turawa sun ci Kano, Haɗeja ba ta sakar musu jiki ba. Akwai Kyaftin Phillips, wanda mutanen gari suka laƙaba wa Mai Tumbi. Akwai rundunar da ta taso daga Kano ƙarƙashin Kanar Lowry Cole da manyan bindigogi. Akwai Sarki Muhammadu, wanda ke kan gado tun 1885, da ya ƙi miƙa wuya, aka gwabza a cikin gari har zuwa fada, aka kashe shi tare da ɗimbin mutanensa. Shi ya sa har gobe Mai Shahada ake ce masa. Dawakai, ganuwa, sulke, kukan mata, ƙarar igwa, duk abin da darakta ke mafarki yana nan. To amma a irin wannan fim dole Turawan su yi Turanci, kuma dole a sami mai sharhi da zai buɗe labari da kwanan wata idan ana so a kai shi bikin finafinai a waje. A nan ne shekara ɗaya tak za ta iya zubar da mutuncin aikin miliyoyi tun a minti na farko.

Mai sharhi na yau "nineteen oh six" zai ce. Wannan "oh" ɗin sunan harafin O ne, saboda sifiri ya yi kama da shi, ana faɗinsa kamar "o" mai ɗan tsawo: naintin-o-siks. Haka 1903 "nineteen oh three", 1804 "eighteen oh four", 1808 "eighteen oh eight". Wanda ya ce "nineteen zero six" za a gane abin da yake nufi, amma kunnen mai harshen zai ji kamar ma'aikacin banki na karanta lambar asusu. Wanda ya ce "one nine oh six" kuwa, ɗakin otal ya faɗa.

Amma shi Baturen da ke cikin labarin, wanda ke zaune a tanti yana karanta wa sojoji umarni a 1906, akwai ɗan bambanci da ya kamata marubuci ya sani. Turawan wancan zamani a magana ta hukuma sun fi cewa "nineteen hundred and six". Wannan siga har yanzu daidai ce, tana da nauyi, irin ta takardar kotu da wa'azin coci, don haka ta dace da bakin kanar mai gashin baki. A lura fa, "nineteen hundred" aka ce, wato ɗari goma sha tara, ba "one thousand nine hundred" ba. A hira ta yau da kullum kuma tsofaffin Turawa kan taƙaita su ce "nineteen six". Mutanen Amurka na lokacin suna da tasu kalmar ta sifiri, "aught". Akwai wani harsashi da sojan Amurka ya fara amfani da shi a daidai wannan shekara ta 1906, har yau mafarautansu "thirty-aught-six" suke kiransa, shidan nan ta ƙarshe ita ce shekarar. Sai dai kada wani marubuci ya ji daɗin kalmar ya cusa ta a bakin Lowry Cole. Shi daga Ingila aka turo shi, ba kaboyi ba ne.

Shekarun da suka ƙare da sifiri biyu ba su da wahala. 1900, shekarar da Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja ranar 1 ga Janairu, "nineteen hundred" ce. 1800 "eighteen hundred". Ba a cewa "nineteen oh oh". Ita kaɗai 2000 ce ta fita zakka, ba a ce mata "twenty hundred", sai "two thousand", sau da yawa ma da "the year" a gabanta don kada a ɗauka kuɗi ake nufi.

Daga nan aka shiga shekaru taran da suka fi wahalar da 'yan fim, 2001 zuwa 2009, kuma a cikinsu ne wasu manyan jarumai suka shigo industiri. Sai a tare jarumi a wurin bikin ba da kyaututtuka a Legas, a miƙa masa makirfo, a tambaye shi da Turanci yaushe ya fara fim, ya gyara babbar riga ya ce "two-oh-three". Wannan salo ya bazu a Nijeriya, ba a Arewa kaɗai ba, 'yan siyasa ma haka suke cewa zaɓen "two-oh-seven". Ɗan ƙasa zai gane. Amma an haɗiye sifiri guda, abin da ya rage 203 ne, kuma baƙon da ba ɗan Nijeriya ba sai ya tsaya lissafi. Abin da Turawan Ingila ke cewa shi ne "two thousand and three", na Amurka su jefar da "and" ɗin su ce "two thousand three". Akwai masu cewa "twenty oh three", ba kuskure ba ne, amma ba su da yawa. Wasu na ganin fim ne ma ya kafa wannan al'ada tun kafin shekarun su zo: 2001: A Space Odyssey na Stanley Kubrick, wanda ya fito a 1968, shekara talatin da wani abu mutane na kiransa "two thousand and one", da shekarar ta iso sai baki ya riga ya saba. Ashe ba a Kano kaɗai fim ke koya wa mutane magana ba.

Wannan ya shafi matasan Haɗeja masu kyamara kai tsaye, domin ba fim ɗin soyayya kaɗai ake ɗauka a wannan yanki ba. Fadamar kogin Haɗeja, daga Auyo zuwa Kirikasamma da Guri har Nguru, wuri ne da masu bincike da ƙungiyoyin agaji ke yawan son a ɗaukar musu hoto da bayanin Turanci a kai, kuma labarin fadamar kusan duk shekaru ne. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, ruwan da ke malalowa ya canza, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, manomi da masunci da makiyayi kowa ya ji a jikinsa. A 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, Baturiya ta bi a 2008. A 2001 aka yi ambaliyar da ta ci garuruwa a Kano da Jigawa. A 2002 Alhaji Adamu Abubakar Maje ya hau gadon sarautar Haɗeja. Mai sharhin da zai bi wannan jeri, cikin minti biyu zai tashi daga "nineteen seventy-four" ya bi ta "two thousand", ya faɗa "two thousand and one", ya fita ta "two thousand and eight". Idan ya yi tuntuɓe a nan, wanda ya ba da aikin ba zai yi faɗa ba. Aiki na gaba ne kawai za a kai wa wani a Abuja ya ɗora murya, kuɗin da ya kamata ya tsaya a Haɗeja ya tafi can.

Daga 2010 abin ya dawo kan tsohuwar hanya ta raba biyu. Ambaliyar 2012 "twenty twelve", ta 2018 "twenty eighteen", ta 2020 "twenty twenty", ta 2022 da ta yi wa Jigawa mummunar ɓarna "twenty twenty-two". Wanda ya ce "two thousand and twelve" bai yi laifi ba, doguwar hanya kawai ya bi. 'Yan Nijeriya ma sun riga Turawa da yawa sabawa da gajeriyar, domin tun 1996 da Janar Sani Abacha ya kafa kwamitin Vision 2010 ƙarƙashin Cif Ernest Shonekan ake jin "twenty ten" a rediyo da talabijin dare da rana. Abin da dai ba a so shi ne haɗa hanyoyin biyu a haifi "twenty and twelve" ko "two twenty-two", ko kuma lauya ɗaya a fitowa ɗaya ya faɗi shekara guda da siga biyu. Wannan aikin mai kula da kwantiniti ne, kamar yadda yake lura kada jaruma ta shiga ɗaki da jan mayafi ta fito da kore.

Duk waɗannan da aka lissafa kunya kawai suke jawowa. Akwai wanda ya fi su haɗari, domin shi tarihin yake canzawa ɗungurungum, wato rikita "teen" da "ty". A bakin 'yan wasa da yawa "fifteen" da "fifty" abu ɗaya ne, "fifti" ake ji. Sarkin Haɗeja Haruna Abdulƙadir ya hau gado a 1950, ya yi shekara 34 zuwa 1984. Mai sharhin da ya ja harshe inda bai kamata ba ya ce "nineteen fifteen", ya mayar da hawan 1915, ya ba Sarki shekara 69 a kan mulki. Haɗewar Kudu da Arewa a 1914, idan aka datse wutsiyar "fourteen", ta koma 1940. 'Yancin kai na 1960, wanda a jajibirinsa aka gina labarin fim ɗin October 1 na Kunle Afolayan da marigayi Sadiq Daba ya fito a matsayin Sufeto Ɗanladi Waziri, sai ya koma 1916, ana tsakiyar yaƙin duniya na ɗaya. Mafi ban dariya ita ce 1990, shekarar da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya. Furodusan da ya tashi a taro zai ba da tarihin industiri ya ce an fara a "nineteen nineteen", ya ƙara wa Kanywood shekara 71 kyauta.

Tsakani da Allah, Bahaushe bai kamata wannan ya kayar da shi ba, don harshensa ya fi Turanci kula da tsawon wasali. Wanda tun yana yaro ya san bambancin dafa abinci da dafa kafaɗa, bai taɓa rikita su ba ko cikin barci, me zai hana ya raba waɗannan? Ita "teen" ja ake yi, a ɗora mata nauyi, a rufe da "n" har a ji harshe ya taɓa dasashi: fif-TIIN. Ita kuwa "ty" gajeriya ce, nauyin yana gaba, a sake ta da sauri: FIF-ti. Minti biyar na rihazal kafin a ce akshin ya isa. Matsalar ita ce a lokeshin ba wanda ke da minti biyar ɗin, rana na faɗuwa, mai janareto na duba agogo, jaruma na da wani aikin a Kaduna.

Akwai kuma gajarcewa, inda ake jefar da rabin farko gaba ɗaya. FESTAC '77 "seventy-seven" ce, gasar ƙwallon matasa ta Nigeria '99 da aka buga wasu wasanninta a Kano "ninety-nine", fim ɗin Izu Ojukwu na 2016 mai suna '76 kuma "seventy-six". Wannan yana da daɗi a bakin ɗan boko mai hira da tsohon abokin makaranta. Amma a fim ɗin tarihi tarko ne. Mai sharhi ya ce "oh six" kawai, yaran yanzu 2006 za su ɗauka, su zaci zamanin Obasanjo aka yi Yaƙin Haɗeja.

Maganin mafi sauƙi yana hannun marubucin labari, ba ɗan wasa ba. Galibin marubuta lamba suke rubutawa a sikirif, 1906, su bar ɗan wasa ya yi ta kansa a gaban kyamara. Da za a riƙa rubuta ta da kalmomi yadda ake so a ji ta, har da Hausar karatun a gefe idan ta kama, da rabin matsalar ta kau ba a kashe ko sisi ba. Shi kuma mai rubuta fassara a ƙasan allo, nasa akasin haka ne: ya sa lamba ya huta. An sha ganin sabtaitil ya cika allo da dogon ƙirgen Turanci, kafin ɗan kallo ya kai ƙarshensa an canza fitowa. Kwanan wata cikakke ma yana da tsarinsa. Baturen Ingila "the twenty-fifth of April, nineteen oh six" zai ce, na Amurka ya fara da wata, "April twenty-fifth". Tunda Turawan da suka zo Haɗeja na Ingila ne, ranar ce a gaba.

Sai ɓangaren fada a wannan fim. Kada marubuci ya yi ganganci ya sa wa malamin Sarki Muhammadu "alif ɗari tara da shida" a baki. A Haɗeja ta wancan lokaci ba da shekarar Nasara ake lissafi ba, da Hijira ake yi, kuma Afrilun 1906 ta faɗo ne cikin 1324. Malamin zai ce shekara ta dubu da ɗari uku da ashirin da huɗu daga Hijirar Manzo, sallallahu alaihi wa sallam, da cikakken ƙirgensa na Hausa, ba mai ce masa ya raba ta biyu. A ƙasan allo a rubuta 1324 A.H. Idan mai sharhi ne zai maimaita ta da Turanci, dokar nan dai ita ce: "thirteen twenty-four", kuma ya ja "teen" ɗin sosai, kada ta koma talatin.

A fitowa ta gaba filin zai leƙa asibitocin cikin fim, inda likita ke duba agogo ya faɗi lokaci da Turanci.